Baba Tsari da Gidan da Ba a Zubar da Shara

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Baba Tsari ya san ba a kai masa ƙarshen magana. Ka ce masa takalminka ya tsinke, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba laifin takalmi ba ne, rashin tsari ne." Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce, "Barka, amma da tsari?" Daga nan sunan ya manne masa. Shekara talatin ya yi a wani ofis yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. Ranar da aka sallame shi ya fito da hannu mai ƙaiƙayi da kai cike da shawarwarin da ba wanda ya roƙa.

Mahaifinsu ya bar musu wani tsohon sito, shi da yayarsa: dogon ɗaki guda mai rufin kwano da silin da ya sha shekaru, da ƙatuwar ƙofa mai kallon titi. Makulli na hannun yayar, don ita ce ba ta taɓa ɓatar da ko allura ba. Wani mai sayar da tayoyi ya daɗe yana mata zarya yana son ya zuba hajarsa a ciki, har ta kusa cewa to.

Sai ga Baba Tsari da sassafe, da takarda naɗe a hammata. Ya shimfiɗa ta a tsakar ɗakinta, ya danne kusurwoyin da takalmanta.

"Auta, naɗe abin nan, shara zan yi."

"Shara! Kin faɗa da bakinki, Yaya. Ita na zo in kashe." Ya ɗora yatsa a kan wata da'ira da ya zana da bakin faranti. "Al'umma zan kafa a siton nan. Masu ƙananan sana'a da masu fasaha, mutum biyar, a zagaye. Abin da wannan zai zubar, shi ne kayan aikin na kusa da shi. Ba abin da zai fita. Jikokin jikokinmu za su zo su tarar da shi yana juyawa."

"Kai da ka kasa riƙe kaji uku?"

"Kajin ba su bi tsari ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da take masa tun yana rarrafe. "Kwana talatin na ba ka. Ran na talatin zan zo da Mai Taya. In na tarar mutum biyar ɗin nan suna nan, na tambaye su suka ce suna son zama, kuma ban ga shara ba, makulli ya zama naka. In ɗaya ya kuskure, tayoyi."

Ya rataya makullin a wuya da igiya, ya fita yana taku kamar wanda aka bai wa gari.

Samun mutanen bai yi wuya ba, don duk masu neman inuwa ne. Kafinta yana aiki a gefen titi ruwa na dukan katakonsa. Mai Zane yana zana fuskokin mutane a ɗakin da ko miƙa hannu ba ya iya yi. Tela, wata mace mai baki kamar almakashinta, kekenta na zaune a ƙarƙashin matakala. Mai Aski kujera ɗaya gare shi da madubi mai tsaga. Sai Makaɗi, siriri, mai jita da dogon wuya, wanda maƙwabta suka kora daga gida uku.

Ranar farko Baba Tsari ya zana da'ira da alli a ƙasa, ya dasa kowa a gurbinsa. Sannan ya mirgina durom ɗin shara har bakin titi, ya ba shi ƙafa, ya bar shi yana gangarawa. Maƙwabta suka fito ƙofofinsu.

"Lafiya, Baba Tsari?"

"Ku shaida! Daga yau gidan nan ya rabu da shara, rabuwa ta har abada!"

"Allah ya sa ba za a yi kome ba," in ji wata mai shanya.

Ya koma ciki ya hau kan bokiti ya karanta doka. Kafinta zai ba Mai Zane garin katako. Mai Zane zai ba Tela ruwan wankin burushi ta yi rini. Tela za ta ba Mai Aski ƙyallaye ya riƙa share wuyan mutane. Mai Aski zai ba Makaɗi gashi. Ba wanda zai ƙi karɓa, ba wanda zai ajiye bai yi amfani da shi ba.

Makaɗi ya ɗaga hannu a hankali. "Baba, ni me zan yi da gashi?"

"Kai ɗan fasaha ne. Tunani aikinka ne, ba nawa ba."

"To ni mece ce tawa sharar? Ni ba na zubar da komai."

Takardar Baba Tsari ba ta kai nan ba. Amma mutum ne da bai taɓa barin shiru ya kai numfashi biyu ba. "Waƙoƙin da ka fara suka ƙi daɗi ka watsar, ina suke? Su ne shararka. Kullum da safe ka kai wa Kafinta."

Kafinta ya ajiye zarto. "In yi me da su?"

"Ka saurara har su ƙare."

"Baba, a gefen titi ruwa kaɗai ke dukana."

"Zauna. Da'ira ta rufe."

Kwana uku da farawa wata mata ta zo karɓar hoton marigayi mijinta. Mai Zane ya bi doka, ya kwaɓa fentinsa da garin katako. Ta tsaya gaban hoton, ta matsa, ta shafa kumatun da yatsa.

"Wannan ƙurajen fa? Mijina fatarsa sumul take har ya koma ga Allah!"

Baba Tsari ya taso da sauri. "Baiwar Allah, sabon salo ne. Hoton da ido ke gani, hannu ma ya gani."

"In ka sake cewa salo, hannuna za ka gani."

Ta tafi ta bar mijin jingine da bango, yana kallon kowa da fuska kamar bayan kada.

Ruwan burushi kuwa, da ja da shuɗi da kore suka haɗu, ya zama launin da ba shi da suna, wani abu tsakanin laka da ciwon ciki. Tela ta tsoma rigar wani malamin makaranta a ciki tana tsaki. Da rigar ta bushe sai ta sandare. Aka sauke ta daga igiya ta tsaya da kanta a tsakar sito, hannuwa a buɗe, kamar mai jiran a rungume shi. Malamin ya zo, mutum uku suka ɗaga ta suka kifa masa.

"Ta yi maka cif," in ji Baba Tsari.

"Ba na iya zama."

"Malamin kirki a tsaye yake koyarwa."

"Ba na iya sauke hannu!"

"Yara za su ga kana maraba da su."

Sai a karkace ya fita ta ƙofa. Maƙwabta suka raka shi da ido har kwana, wani ya tambaya ko a kira masa motar ɗaukar kaya.

Ƙyallayen Tela sukan zo da allura a ciki, don ta ce ba a rubuta a doka ta cire ba. Mai Aski ya share wuyan wani dattijo, dattijon ya yi tsalle ya faɗi kalmar da jikokinsa ba su san ya sani ba. Kafinta kuwa kullum da safe Makaɗi na tsaye a kansa yana zuba masa rabin waƙa. Hannun mai aiki yana bin abin da kunne ke ji: inda waƙa ta tsinke, nan zarto ke tsayawa. Kujeru shida ya yi a mako, ba wadda ƙafafunta huɗu suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Labari ya zaga unguwa. Mutane suka fara zuwa kallo, daga nesa ma ana zuwa. Kuma duk faɗin siton nan kujera ɗaya ce ba ta rawa, ta Mai Aski. Wanda ya gaji da tsayuwa sai ya zauna, wanda ya zauna sai a yafa masa zane. Har masu layi aka samu. Mai Aski ya sayi sabon madubi, ya fara fito da haƙora. Baba Tsari yana zagayawa da hannu a baya yana cewa, "Kun gani? Al'umma ta fara ja."

Gashi ya fara taruwa.

Da farko kwano ne. Sai bokiti. Kafin kwana goma buhu ne kowace yamma, Mai Aski ya ja shi ya dire gaban Makaɗi ya ce, "Ga naka, abokina, ba ni da laifi." Makaɗi ya gwada murɗa shi ya yi tsirkiya, ta yi ƙara ɗaya kamar kyanwa da aka taka, ta tsinke. Ya cusa a cikin jitar, jitar ta daina magana. Zuwa kwana goma sha biyar ba a ganinsa, sai dai a ji atishawa daga bayan buhuna a san yana da rai.

Baba Tsari ya ce a yi matashin kai. Tela ta ɗinka guda, ya ɗauka zai kai gida don gwaji, ya tuna ba abin da ke fita, ya kwanta a kai a nan tsakar sito da rana tsaka don ya ba da misali. Ya daure na minti biyar. Ya tashi da kunne ja yana susa da hannu biyu, ya ce, "Yana motsa jini."

Ya ce a shuka tumatir a ciki. Tumatir ya duba inda aka sa shi, ya mutu.

Ya je wurin Mai Aski. "Ka rage yawan gashin nan."

"Ni nake shuka shi a kan mutane?"

"Ka riƙa aske rabi."

"Wane rabin, na dama ko na hagu? Ka zaɓa, ni kuma in ce musu kai ka aiko."

Ran kwana ashirin ya kama Makaɗi a bakin ƙofa da ciki ƙato ƙarƙashin riga, siririn mutumin da jiya ana ƙirga haƙarƙarinsa.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Baba. Kumburi."

Baba Tsari ya latsa kumburin, wata furfura ta leƙo ta wuyan riga. Ya juya shi ya mayar da shi ciki, ya ɗauko kujera mai rawa ya kafa a ƙofa, daga ranar yana laluben kowa kafin ya fita.

A kwanakin nan ne ya lura mutanensa biyar, waɗanda da ko gaisuwa ba sa yi, sun fara haɗa kai bayan katakon Kafinta lokacin cin abinci. Suna ƙus-ƙus, in ya matso su yi shiru. Ya ga Kafinta ya kafa wa Mai Zane shinge don ƙura, ya ga Mai Zane ya rubuta wa Tela allon suna, ya ga Tela ta ɗinka wa Makaɗi ƙyallen rufe hanci. Sau ɗaya ya ji an ambaci sunansa, Tela ta yi wata alama da almakashi. Zuciyarsa ta yi fari.

"Walima suke shirya mini," ya ce a ransa. Don ya sauƙaƙa musu, ya umarci Mai Zane ya zana shi a tsaye, girman ƙofa, yatsa a sama.

Ran kwana ashirin da tara buhunan sun kai taga. Gobe Yaya za ta zo, kuma Yaya ba ta san wani abu wai kayan aiki ba. Abin da ta gani a ƙasa shara ne. Baba Tsari ya tsaya yana share gumi, ya ɗaga kai don ya yi tunani, idonsa ya sauka a kan silin. Ya yi tafi ɗaya da ƙarfi.

"Me ya sa kai ba ya jin rana? Gashi! Me ya sa siton nan ke zafi? Ba shi da gashi! Ku kawo tsani!"

"Baba," in ji Kafinta, "silin nan ko ɓera ya bi ta kai sai ya yi addu'a."

"Ka taɓa auna gashi? Ɗauki ɗaya ka ji. Ba nauyi. To dubu sau babu, babu ne."

Ba wanda ya taya shi. Shi kaɗai ya yi ta hawa da sauka har la'asar, yana zazzage buhuna a cikin rufi, yana turawa da tsintsiya har lungu. Buhunan ya ninke ya ba Tela, ya ce ta yi labule.

Ran talatin sito ya yi fes. Yaya ta iso da hantsi da jakarta a hannu, Mai Taya na biye da ita da tef ɗin awo, bayansu kuma duk unguwa, har masu goyo. Rana ta buɗe, jama'a sun cika ɗaki, kowa na naso da gumi. Baba Tsari ya sha hula sabuwa, ya riƙe doguwar sanda ta nuni. Hotonsa na jingine a tsakiya, fenti bai gama bushewa ba.

Yaya ta ƙirga kawuna. Biyar. Ta duba ƙasa, ta duba lunguna, ta ja yatsa a kan taga.

"An ce mini akwai gashi."

"An sarrafa shi, Yaya."

"Aka yi me da shi?"

"Ba kya jin wani sanyi-sanyi?"

"Zufa nake yi har cikin takalmi."

"Bai gama kamawa ba. A kunna fanka!"

Aka kunna. Wani sili guda ya sauko yana lilo ya sauka a kan hancin Mai Taya. Kafinta ya ɗaga kai, ya ga silin ya yi ciki kamar saniya mai wata tara, ya ja Tela da Makaɗi suka koma jikin bango a hankali.

"Jama'a," in ji Baba Tsari, murya har titi, "masana sun yi shekaru suna neman yadda za a sanyaya gida ba tare da an ɓata duniya ba. Ni a yini ɗaya na gama. Asirin yana nan!"

Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa silin. Sau ɗaya.

Silin ya yi wani nishi. Sannan ya buɗe baki.

Ba faɗowa gashin ya yi ba, zubowa ya yi, baƙi da fari da mai lalle, na wata guda, na rabin gari. Fanka ta karɓa ta raba wa kowa daidai, ba ta bar na baya ba. Rana ta ɓace. Aka rasa mai salati da mai atishawa. Duk inda gumi yake gashi ya samu gida: mata suka fito da gemu, wani jariri ya yi saje, wata tsohuwa ta dubi maƙwabciyarta ta ƙwalla ƙara ta ce wane ne wannan ƙato. Dattijon da allura ta soka yana ta damƙar iska yana cewa, "Wannan furfurar tawa ce, na san ta!" Hoton kuwa, da ɗanyen fentinsa, ya sha har ya ƙoshi. Ya zama wata dabba mai yatsa a sama, yara suka gan ta suka yi waje da gudu.

Mai Taya ya rarrafo daga ƙarƙashin tarin, yana zaro gashi daga baki kamar mai warware zare.

"Hajiya, na yafe. Ko kyauta ne na yafe. Gidan da ake ruwan gashi ba na sa dukiyata."

Ya bar tef ɗinsa a nan, ba a sake ganinsa ba.

Wani ya kashe fanka. Yaya tana tsaye inda take, ba ta motsa ba. Ta buɗe jaka ta ciro hankici, ta share ido ɗaya, ta share ɗayan, ta tofar. Sannan ta juya ga mutum biyar da ke jikin bango.

"Ku. Kuna son zama a nan?"

Suka dubi juna. Tela ta tako gaba tana kakkaɓe ɗankwali.

"Gwaggo, muna so. Wurin na da faɗi, titi na kawo mutane, mu kuma mun saba da juna. Wahala ce ta haɗa mu, kuma ga ta can tsaye da sanda. Kafinta zai gyara silin, mu share gidan kafin magariba. Abu ɗaya muke roƙo, kin san shi."

"Kun ji!" Baba Tsari ya fito daga cikin tarin har gwiwa. "Sun ce suna so! Biyar cif! Yaya, sharaɗi ya cika!"

"Na ce kada in ga shara."

"Wannan ba shara ba ce. Kayan aiki ne ya sauko kafin lokacinsa."

"Matso, Auta."

Ya matso yana murmushi, a zatonsa albarka za a sa masa. Ta kama igiyar wuyansa ta zare ta ta kansa, hular ta bi igiyar ta faɗi. Ta miƙa wa Tela makullin.

"Riƙe. Ke ce mai gidan."

Baba Tsari ya ɗaga yatsa. "Daidai! Haka na tsara. Mai kafawa ya kafa, ya miƙa. To ni wane muƙami? Uban al'umma? Mai ba da shawara?"

"Ba ka sake taka ƙofar nan," in ji Yaya, "sai in aski ne ya kawo ka."

"Na karɓa! Kowane mako ina nan!"

Mai Aski ya tako da tawul a kafaɗa. Ya kama kan Baba Tsari cikin ladabi, ya share gashin mutane da ya manne a kai, daga goshi har ƙeya. Abin da ya rage a ƙasa sai sheƙi yake kamar sabon faranti, ko sili ɗaya babu. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya leƙa bayan kunne don kada ya zalunce shi.

Ya ɗauko hular ya kakkaɓe, ya ɗora masa, ya kama hannunsa har bakin titi.

"Sauka lafiya, Baba. In ya tsiro ka dawo."